Allon Injiniya Badamasi Mai Inci Arba'in da Uku

Duk wanda ya ce babu masanin kwamfuta tsakanin Batsari da Safana, to bai taɓa shiga ofishin Ƙungiyar Manoman Gindin Dutse ba. A nan Allah ya ajiye mana Malam Badamasi, sakataren ƙungiya, wanda ake kira Injiniya a gabansa, a bayansa kuma Danna-Nan. Kwas na mako uku ya yi a Kaduna, ya dawo da takardar shaida da ta kusa tagar ofishin faɗi. Da yatsa ɗaya yake rubutu, amma sai ya ɗaga yatsan sama tukuna, ya jira kowa ya gani, sannan ya sauke shi a kan harafi. Tun da ya dawo ba a sake jin ya ce bai san abu ba. Sai dai ya ce abin na fasaha ne, ba za ku gane ba.

A shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da mudun masara ya gagari mai albashi balle wanda ya gudo daga ƙauye, wata hukumar agaji ta ce za ta raba iri da taki ga matan da 'yan bindiga suka kashe wa maza. Sharaɗin ɗaya ne: sunan mace da hotonta su shiga jerin da sakatare zai haɗa kafin ruwan shuka. Wadda ba ta ciki, babu ita.

Hansai mutuniyar Ruma ce. An kashe mijinta a gona, ta kwaso 'ya'ya huɗu ta dawo Batsari, wani ya ara mata 'yar gona a bayan gari, amma ko ƙwayar iri ba ta da ita. Surfe da wankau take yi a gidajen mutane, har da gidan Injiniya, wajen matarsa Ramatu. Sau biyar tana zuwa ofis. Takan tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa a ƙasa kamar yadda kowa ke yi, ta gaishe shi, ta tambayi ko sunanta ya shiga. Shi kuma sai ya juyo mata da tsohuwar laftof ɗinsa daga kan tebur. Allonta irin na da ne, in ka kalle shi daga ƙasa ba ka ganin komai sai duhu. Sai ya ce mata sunan na nan can ƙasa-ƙasa, allon ne ƙarami, ba ya iya nuno shi. Haka ya gaya wa matan Runka, haka ya gaya wa na Darini, su kuwa su yi godiya su tashi.

Ya maimaita maganar nan har shi ma ya yarda da ita. Ya rubuta wa hukumar cewa ƙanƙantar allo ce ke tsayar da aiki, hukumar kuma ta ce a sayi babba. Daga ranar Injiniya ya rufe batun iri, ya buɗe bincike.

Mako uku yana nazari a wayarsa kafin ya tara kwamiti. Ya gyara hula, ya ce:

"Jama'a, allo iri-iri ne, kuma ba kowane ido ke bambancewa ba. Akwai TN, wannan na talakawa ne, launinsa kamar atamfar da ta sha rana. Akwai VA, baƙinsa baƙi ne na gaske, amma da ka matsa gefe sai launi ya dushe. Akwai OLED, wanda ni kaɗai na san darajarsa a faɗin ƙaramar hukumar nan. Sannan akwai IPS. Wannan sai mun sake zama, don kanku ba zai ɗauka a rana ɗaya ba."

Shugaban ƙungiya, Alhaji Hamidu, dattijon da ya noma gero shekara hamsin ba tare da allo ba, ya tambayi wanne ne a ciki zai sa taki ya iso kafin ruwa. Injiniya ya dube shi da tausayi, ya ce irin wannan tambayar ce ta hana mu ci gaba.

Sau uku ya je Katsina da man ƙungiya, shagon wani mai kayan kwamfuta, Muntaka. Muntaka, mutumin kirki, ya ce masa aikin jerin sunaye inci ashirin da huɗu ya ishe shi har da saura. Injiniya ya tambaye shi ko ya san da wa yake magana. Ya riga ya auna allon wani babban ma'aikaci da tef ɗin tela, ya samu inci talatin da biyu, don haka duk abin da bai wuce wannan ba cin mutunci ne. OLED ya so saya, sai da Muntaka ya ce in hoto ɗaya ya daɗe a kansa yakan bar tabo. Nan ya fasa, domin shirinsa shi ne hotonsa na babbar riga ya wuni a kan allon. Da aka zo kan IPS, Muntaka ya ce shi wannan ko a tsaye kake, ko a gefe, ko a zaune a ƙasa, abin da na gaba ke gani shi za ka gani, launi ba ya canzawa. Injiniya ya lumshe ido. Ya hango masu wucewa ta bakin titi suna tsayawa kallon babbar rigarsa. Ya ce a ɗaure masa mai inci arba'in da uku.

A wannan makon hadari ya fara haɗuwa a gabas. Hansai ta zo karo na shida, aka ce mata Injiniya ya tafi neman kafinta, teburin ofis ya yi wa allo kaɗan.

Ranar buɗe allo sai ka ce walimar aure. An ɗauko hayar janareto, an jera wa maza kujeru, mata kuma aka shimfiɗa musu tabarmi a ƙasa, daidai gaban tebur. Hukumar agaji ta turo jami'arta, Malama Mardiya. Injiniya ya yaye zanen da aka rufe allon da shi, fuskarsa ta cika ofis, ya yi jawabin minti arba'in a kan zurfin launi da faɗin kusurwa. Ya ce daga yau babu abin da zai sake ɓoyuwa a ƙungiyar nan. A duk tsawon aikinsa wannan ce kaɗai gaskiyar da na taɓa jin ya faɗa.

Malama Mardiya ta ce madalla, to a buɗe jerin a gani. Ya ce abin na fasaha ne. Ta ce ai shi ya sa aka saya masa allon. Babu yadda ya iya, ya buɗe.

Hotunan da a laftof ba su fi ƙwayar wake ba, yanzu kowace fuska ta kai faranti. Malama Mardiya ta fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Ta bakwai, daga Runka, mace ce mai shuɗin hijabi da tawadar Allah a gefen hanci. Ta goma sha tara, daga Darini, hijabinta ruwan ƙasa, ta sa tabarau, ga tawadar Allah a gefen hanci. Allon ya cika alkawarinsa, launi bai canza ba ko kaɗan. Da aka kira Hansai daga Ruma, Hansai ta amsa daga kan tabarma, ta ɗaga kai, sai ga Ramatu tana kallonta daga allon cikin baƙin hijabi, da tawadarta a gefen hanci.

Injiniya ya kama allon ya karkata shi sama, yadda ya saba yi da laftof. Mata na gani. Ya juya shi gefe, sai masu leƙe ta taga suka samu nasu rabon. Ya ce wannan shi masana ke kira inuwar hoto, matsalar kamfani ce, gobe zai mayar wa Muntaka. Malama Mardiya ta ɗauki hoton Hansai da wayarta, ta rubuta sunanta da biro a bayan takardar gayyata, ta ce ta zo jibi ta karɓi irinta. Ta ce wa Alhaji Hamidu a sake jerin tun daga farko, a kan takarda, kuma ba da hannun sakatare ba.

Hansai ta yi godiya ta miƙe. Har ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo ta durƙusa gaban teburin kamar kullum.

"Malam, ka yi haƙuri, sai yau na ji," in ji ta. "Da safe na yi wa Ramatu surfe, ba ta gaya mani takaba take ba. Har sau uku, bawan Allah. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta."

Daga kan tabarma har bakin taga aka amsa da amin.