Ranar da Aka Sa Inno Kiran Sunan 'Yarta

Jama'a, jiya na wuni a bencin kotu har ƙuguna ya sandare. Ba ni aka kai ƙara ba, kada Ma'u maƙwabciyata ta ji daɗi. Rakiya na yi wa Inno, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Gwiwa.

Tsohon mijinta Lauwali ne ya ɗauke 'yarsu, Halima Sa'adiyya, wai hutun makaranta, ya ƙi maidowa. Ni da karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba na san riƙon 'ya mace na uwa ne har ta yi aure. Amma Lauwali ya sayar da bijimi ya ɗauko lauya daga birni, mai baƙar riga kamar jemage, yana taku ɗaiɗai.

Aka jira mai shari'a, Ranka-ya-daɗe Sarkin Ɗage Zama, har rana ta take. Allah ya ƙara masa lafiya, ai babban mutum ba ya sammako.

Lauya ya dubi Inno ya ce, "Malama, mene ne sunan 'yarki?"

Inno ta sunkuyar da kai. "Yarinyar ai ga ta can."

"Sunanta na tambaya."

To ku gaya mini, wace uwa ce mai kunya za ta kama sunan 'yar fari a bainar jama'a? Balle wadda aka sa wa sunan uwar miji, ga tsohuwar nan zaune ta zuba ido.

Lauya ya buɗe hannuwa. "Ya mai shari'a, uwar da ba ta san sunan 'yarta ba, ko kallonta ba ta yi, ita za a ba amana?"

Na ce, "Ɗan nan, a kwalba aka haife ka?"

Ɗan sandan kotu ya ce, "Iya, in kika ƙara, waje."

"Yi haƙuri, angona, bakin ne ba shi da marfi."

Shi kuwa mai shari'a, da ya san al'adar nan sarai, sai ya ce kotu ba ta rubuta kunya, abin da aka faɗa take rubutawa. Ko ta faɗa, ko yarinya ta zauna wurin uba.

Inno ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Halima Sa'adiyya." Yarinyar, da ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, ta fashe da kuka, ta ɗauka laifi ta yi.

Sai magatakarda ya ɗago kai daga wayarsa ya ce bai ji ba. Mai shari'a ya duba agogo ya ce mota na jiransa, akwai taron bita a otal kan kare haƙƙin mata da yara. A maimaita a zama na gaba, bayan Sallah. Lauwali ya ja hannun yarinya suka hau babur, tana waiwaye.

A mota Inno ta ce mini, "Goggo, in sau dubu suke so zan faɗa. Kunyar ai sun riga sun cinye ta."

Da na dawo, Ma'u ta tsegunta mini cewa lauyan nan asalinsa ɗan Roni ne, kuma ɗan fari. Har gobe uwarsa "Kai wane" take ce masa. Allah ya sa dai kada ya maka ta a kotu.