Gyangyaɗin da Ya Amsa a Madadina

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ɗin Juma'a a zauren gidanmu na Haɗejiya ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, domin ni dai ban yarda laifina ba ne ni kaɗai.

A lokacin akwai mai nemana, Malam Nura, malamin gona ne a Miga. Ya yi mini waya ya ce zai zo da muhimmiyar magana. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan littattafan soyayya ai na san ma'anar wannan. Na ɗauko atamfata sabuwa, na yi turare, na tsaya gaban madubi ina gwada yadda zan sunkuyar da kai idan ya ce rayuwarsa babu ni duhu ce.

Sai ga Goggo, ƙanwar babanmu, ta iso daga Guri da bandar kifi. Ta girka burabusko, ta malala masa miyar kifin nan, ta ajiye mini kwano. Na ce mata ina da baƙo.

"Baƙon cikinki zai leƙa? Ci, ja'ira, dubi wuyanki kamar na balbela."

Na ci. Na ƙara. (Wanda ya san hannun Goggo ba zai zarge ni ba.) Ta kawo kindirmo mai sanyi na ɗora a kai.

Malam Nura ya iso, na shimfiɗa masa tabarma, na zauna gefe, na ja mayafi ya rufe mini fuska don kunya. Ina jiran zancen zuciya, sai bawan Allah ya fara da kachala, ciyawar nan da ta toshe kogi. Daga kachala ya koma ambaliya, daga nan ya shiga tsuntsayen jan-baki da suka cinye wa mutane shinkafa. Don Allah wane masoyi ne ke buɗe zance da tsuntsaye? Zauren ga inuwa, ga iska, muryarsa kuma a hankali take tafiya kamar ruwan fadama. Jikina ya mutu. Na ce bari in lumshe ido kaɗan, tunda ba ya ganina.

Sauran labarin a bakin Yaya Hadiza na ji, wadda ta laɓe a bayan ƙofa. Ashe duk wancan shimfiɗa ce. Da ya gama sai ya gyara murya ya ce, "Malama, na ji ana cewa ɗan kawunki na garin Malam Madori ma yana cikin masu nemanki. Gaskiya ne?"

Kaina ya yi ƙasa, ya dawo.

"Shi kike so ke nan?"

Kai ya sake tafiya.

"To ni in haƙura?"

A nan, in ji Yaya, na yi wani irin gyangyaɗi har haɓata ta taɓa ƙirji. Ya ce, "Na gode da ba ki ɓoye mini ba." Ya sa takalmi ya fita.

Dukan Yaya na ji a kafaɗa. "Tashi, sakarya, kin kori miji!"

Na ce, "Ya gama jan-bakin?"

Da ta bayyana mini, sai na hau ta da faɗa. Tana ji tana gani, ko tari ta kasa yi? Ta ce ita ma ta ɗauka da gaske nake. Goggo kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki. Ɗan kawun nan fa, ko gaisawar kirki ba ma yi!

Na kira Malam Nura a waya. Dole in zaɓa: ko ya tafi da cewa ba na son sa, ko ya san gaskiya. Na runtse ido na ce, "Malam, wallahi barci nake yi."

Can ya ce, "Tun daga ina?"

"Daga... jan-baki."

"Ikon Allah. Ni da na yi ta tsara maganar nan a kan babur tun daga Miga."

Har da fushinsa, wai na raina shi. Shi da ya kasa bambanta yarda da barci! Sai da Yaya ta sa baki kafin ya dawo, kuma ranar da ya dawo ɗin cewa ya yi in ɗage mayafi, in amsa da baki, da ƙarfi. Na amsa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu a gidansa nake. Duk ranar da zai yi mini magana mai nauyi, sai ya leƙa kicin tukuna ya ce, "Uwargida, an ci ko ba a ci ba?" Haushi nake ji, amma na koyi darasi: kunya da ƙoshi ba sa zama ƙarƙashin mayafi ɗaya. Idan za a tambaye ki abin da ya shafi rayuwarki, 'yar'uwa, ki je da yunwarki.