Nomau da Tsutsotsin Tumatir

A ƙauyenmu akwai wani mutum Nomau, autan Inna Tabawa. Ga ƙarfi ga biyayya, amma duk abin da ka faɗa masa haka zai yi, ba ƙari ba ragi. Su uku ne a gida, shi da Inna da matarsa Ladidi, kuma lambun bayan gida ne abincinsu. Marigayi mahaifinsa bai taɓa zuba wa lambun takin zamani ko maganin feshi ba, Inna kuma ta rantse haka za a ci gaba. Shi kuwa Baffa Jatau, ƙanen marigayin, ya ce in bana tumatir bai yi ba, zai karɓe filin ya shuka masara. Wannan magana ta tsaya wa Inna a rai.

Wata rana Inna ta ce wa Nomau kada ya sa wa shuka komai sai abin da ya fito daga saniya. Nomau ya je ya aro saniyar maƙwabci, ya tsayar da ita a kan kunya, ya tsuguna yana jira. Da Ladidi ta kawo masa fura, ta tarar saniya ta share latas kaf. Ya ce mata ta yi haƙuri, ai sai ta ci sannan za ta bayar.

Wata rana Ladidi ta ce ya je ya yi cira, duk abin da ba su suka shuka ba ya tuge shi. Ya tuge ciyawa tas, har na so in yaba masa. Sai ya tsaya ya dubi darni, ya tuna ba wanda ya shuka shi. Kafin azahar ya tumɓuke shi duka ya tara a gefe. Awakin unguwa suka shigo kamar an yi musu gayya, alayyafo ya tafi. Kwana biyu gidan ba wanda ya huta da gyaran darni.

Wata rana Inna ta ce a riƙa ba tumatir ruwa safe da yamma, bokiti guda kowace kunya, kada a wuce haka. Ran nan da rana tsaka aka kece da ruwan sama. Nomau ya ruga ɗaki ya kwaso tabarmi da zannuwan Ladidi ya lulluɓe kunyoyin, don lokaci bai yi ba. Da yamma ya yaye, ya zuba bokitinsa.

Tumatir dai Allah ya tsare shi, ya fara 'ya'ya, sai ga tsutsa. Inna ta watsa toka, ta yayyafa ruwan ganyen darbejiya, abin ya ƙi ci. Na ga tsohuwar nan zaune bakin rijiya ta yi tagumi, wallahi ta ba ni tausayi.

Wata rana Baffa Jatau ya kira Nomau gefe, ya miƙa masa kwalbar magani, ya ce ya fesa wa tsutsotsin. So yake ya nuna wa Inna cewa ba maganin kanti, ba tumatir. Nomau ya karɓa da hannu biyu. Kwana huɗu yana lambu tun asuba har rana ta faɗi.

Bayan mako biyu tumatir ya nuna jajawur, kwando ya cika. Baffa ya zo yana ta washe baki, ya ce wa Inna, "To Tabawa, rantsuwarki ta karye. Maganina ne ya yi wannan aiki. Nomau, faɗa mata ka fesa."

"Na fesa, Baffa."

Inna ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Nomau ya ce su zo su gani. Ya kai su can bayan darni, ya nuna musu tsohuwar ƙwarya cike da matattun tsutsotsi. Ashe ɗaya bayan ɗaya ya bi ganye ya tsince su da hannu, ya fitar da su waje, sannan ya yi musu feshin.

Baffa ya ce, "To tumatir ɗin fa?"

"Tsutsa ka ce, Baffa. Tumatir bai yi laifin komai ba."

Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta samu numfashi, sai ta ce wa Ladidi ta cika wa Baffa kwano da tumatir, ta haɗa masa da sauran maganinsa, ko zai yi masa amfani a wata gonar.