Yadda Za Ka Karɓi Ɗalibi a Sikelinka Ya Tafi Bai Koyi Komai Ba

Alhaji mai sayen gyaɗa, makarantar aikin gona ta ce ka karɓi ɗalibi ya koyi aiki a hannunka, har ta ba ka zaɓi. Bi ni sannu. Na yi maka alkawari zai koma yadda ya zo.

1. Ɗauki tsari mafi gajarta.
Akwai ziyarar yini, akwai zaman hutu, akwai na kaka cur. Ɗauki na yini. Ba shi fura, nuna masa buhuna daga nesa, yaba takalminsa, sallame shi.

2. In an matsa, karɓi na hutu.
Da damina yake faɗowa, lokacin da babu awo. Sa shi ɗinkin buhu. Ilimi ne mai zurfi.

3. Kada kwaɗayi ya kai ka ga na kaka.
Nan Alhaji Nata'ala na Kabo ya zame. Da ya ji ɗalibi ba ya karɓar lada, sai ya ce shi ai mai son ci gaban ƙasa ne, a ba shi na kaka. Aka turo masa Mijinyawa, mai shiru-shiru. Ya zaunar da shi dab da sikeli.

4. Tambayi garinsu.
Alhaji bai tambaya ba. Ashe Mijinyawa ɗan ƙauyen Gammo ne. Ranar kasuwa bappansa Sajo ya sauke gyaɗar da zai sayar ya ci da gida shekara. Aka ɗora buhu, Alhaji ya zura babban yatsan ƙafa ya tallafi sikelin ta ƙasa, yadda ya saba. Mijinyawa ya rusuna.
"Alhaji, don Allah ɗan ja baya, kada buhu ya faɗo maka a ƙafa."
Alhaji ya ja baya. Nan take gyaɗa ta yi nauyi, a gaban jama'a.

5. Kada ka kai ƙara.
Alhaji ya je har makaranta ya ce ɗalibin ba shi da tarbiyya. Malamin ya tambaye shi me ya yi. Alhaji ya daɗe yana gyara zaman hula, sannan ya ce ya yafe. Mijinyawa ya ci jarrabawa. Jakunan Gammo kuwa tun daga kakar suke wuce rumfar Alhaji, masu su na gaishe shi da ladabi, sai kasuwar Gwarzo.

In ka bi duk wannan aka kama ka, ni ban san ka ba, ban taɓa ganin sikelinka ba. Tawa gyaɗar ma Gwarzo nake kai ta.