Kek Ɗin Surukar Passau

Wani ne a garin Paderborn ya sayi katin nan na wata-wata da ake shiga jirgin ƙasa da bas a duk faɗin Jamus. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara shan kofi cikin salama a teburin da suke haɗuwa da abokansa duk ranar Alhamis.

"Ku duba mutanen Austria," in ji shi, "sama da Yuro dubu suke zubewa a shekara. Ni kuwa hamsin da takwas a wata. Wallahi tausayin masu jirgin nake ji, kullum ina cin su."

Detlef, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya ce, "To mun ji, mutumina."

Ana nan sai surukarsa ta cika shekara tamanin a Passau, can kudu, aka sa shan kofi da kek ƙarfe huɗu na yamma. Matarsa Gudrun ta ce su bi farin jirgi mai gudu. Ya ce katinsa bai san farin jirgi ba, sai masu tsayawa a kowane ƙauye.

Ta ce, "To ni na tafi. Ga kek ɗin Mama, mai 'ya'yan itacen ceri, hawa uku. In ya makara, kai ma kada ka zo."

Ya yi sammako, kwali a cinya. A Kassel jirginsa ya iso, wanda zai canja zuwa cikinsa ya riga ya tashi. Ya zauna awa guda, yana cewa ai zama ma kyauta ne. Yunwa ta taso. Ya leƙa shagon tasha, burodi da cuku Yuro shida. Ya ce wannan zai ɓata masa lissafi, ya buɗe kwali ya ɗauki ceri ɗaya. Sai kek ya karkace, ya ɗauki na ɗaya gefen don ya daidaita.

A Fulda ya afka wani jirgi mai kujeru masu laushi. Mai duba tikiti ya zo.

"Yallaɓai, wannan katin ba na nan ba ne."

"An ce duk Jamus."

"Duk Jamus, amma a hankali."

Aka sauke shi a Würzburg. Baƙin ciki ya sa ya ci hawa na sama. Kafin Nürnberg na tsakiya ya bi shi, don kek mai hawa biyu ba tsari. Ƙarfe uku ya yi masa a Regensburg, ga jirgin Passau sai biyar, kwali kuma ya yi sauƙin ɗauka.

Alhamis na zagayowa ya hallara a tebur, Gudrun na gefensa tana juya cokali.

"Ƙarfe huɗu cif na buga ƙofa," ya ce. "Daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan, ko Yuro ɗaya bai fita daga aljihuna ba. Kek kuwa ya isa Passau, ko ceri ɗaya bai faɗi a hanya ba."

Detlef ya dubi Gudrun. "Uwargida, haka aka yi?"

Ba ta ɗaga kai ba. "Gaskiya ya faɗa. Kek ya isa a tumbinsa, mai tasin da ya kawo shi daga Regensburg kuwa Mama ce ta biya, Yuro ɗari biyu da arba'in."