Baƙin Doki Ya Tafi da Man Kwakwa a Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka gaji da durƙuso, Nirmalendu Bagchi, tsohon direban jirgin ƙasa a Asansol, yana sanar da rasuwar Baƙin Doki, kan jirgin wasa mai aiki da lantarki, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba.

Marigayin ya shigo gidan a shekarar da aka kawo wa Nirmalendu amaryarsa Shefali. Bai taɓa makara ba, shaidar da ba za a yi wa maigidansa ba. Yakan zagaya teburin cin abinci yana "cuku-cuku-cuku" har shinkafa ta huce. Da yara suka girma suka watse, aka kwantar da shi a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, aka manta.

An tashe shi makon jiya saboda jikar gidan, Tuktuki, wadda kakanta ya yi wa alkawarin za ta ga jirgin yana gudu kafin a koma da ita Bangalore. An goge layin dogo da tsamiya, an canja waya, an hura, an lallaba. Marigayin ya ce "zzz", ya ɗan motsa, ya yi shiru.

Da aka buɗe cikinsa aka ga cutar: man kwakwa ne ya daskare a haƙoran injin kamar ƙaro. Babu wanda ya tambayi aikin wane ne. Shefali, wadda ta rasu bara waccan, duk abin da take so sai ta shafa masa man gashinta: kan yara, ƙyauren ɗaki, keken ɗinki. Ashe kowace damina takan jawo akwatin ta ɗiga wa jirgin don kada tsatsa ta ci shi.

Ƙaninta Probal ya leƙa ya ce, "Haba Yaya, wannan ai suma ce, ba mutuwa ba. Wanke shi tas da kalanzir, gobe ya miƙe kamar ango."

Gaskiya ya faɗa. Nirmalendu ya zuba kalanzir a kwano, ya ɗauki buroshi, sai ya kai injin hancinsa. Ƙamshin ya tsufa, amma nata ne, kuma nan kaɗai ya rage a gidan. Sai ya mayar da kalanzir cikin kwalba. Tuktuki ta ce kakanta maƙaryaci ne. Bai musa ba, ko da yake maganar ta yi masa ciwo.

Marigayin ya bar taragu uku, da gada mai ƙafa ɗaya, da shugaban tasha na dalma wanda kansa ya ɓata tun da daɗewa.

Za a naɗe shi a tsohon sarin Shefali, wato zanen da take ɗaurawa, a mayar da shi akwati ranar Lahadi bayan shayin yamma. Tuktuki, in ta huce, za ta tura taragun da hannu, kakanta zai yi kukan jirgi da baki. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da haƙuri, su bar kalanzir a gida.