Sarkin Muryoyin Birnin Kudu

Duk majami'ar da ta samu Malam Ɗan'auta ta gama sa'a, kuma mu ne muka same shi. Ya je kwas ɗin kiɗa a Jos, ya dawo da farar safar hannu da 'yar ƙaramar sandar ba da umarni, ya ce daga yau shi ne daraktan mawaƙa. Mu 'yan ƙungiyar muka ƙara masa da Sarkin Muryoyi. Bai ƙi ba.

Ciwonsa ɗaya: tsofaffin waƙoƙin sujada da kakanninmu suka koya a bakin masu bishara.

“Waɗannan waƙoƙi marayu ne,” in ji shi. “Murya ɗaya kamar tallan fura. Ni zan yi musu sutura.”

Ya kuwa yi. Ya raba mu gida uku. Mata su haura sama, maza su gangara rijiya, wasu su riƙa cewa “um” har sai an ɗaga musu sanda. Ni ina cikin 'yan “um”, kuma ina alfahari. Ya sa fiyanon lantarki ya riƙa kiɗan biki a ƙasa. Ba wanda ya gane inda aka dosa, shi ya sa kowa ya ce abin ya yi zurfi.

Sai aka gayyace mu Gwaram, sujadar tunawa da wani tsohon mai bishara. Matarsa, Inna Safiyatu, abu ɗaya ta roƙa: waƙar da mijinta yake yi kullum in zai fita gona. Sarki ya ce ta kwantar da hankali, zai gyara ta. Muka yi makonni muna gyara.

A hanya, Badamasi direban bas ya saurari gwajinmu, ya rage gudu cikin ladabi ya tambaya ko akwai mara lafiya a baya. Muka tausaya wa jahilcinsa.

A majami'a Sarki ya yi jawabi kan yadda waƙa take tsufa in ba ta gamu da masani ba. Ya ɗaga sanda. Muka haura, muka gangara, na yi “um” ɗina da dukan zuciyata.

Da muka gama, Inna Safiyatu ta miƙe a hankali.

“Allah ya saka da alheri, 'ya'yana. Kun sha hanya. To, yanzu sai ku yi mini ta Malam, maigidana.”

Wata tsohuwa daga baya ta ɗauko waƙar, jama'a suka karɓa da murya ɗaya, Inna tana share ido da gefen mayafi.

Muka yunƙura mu shiga. Sai muka tarar karin waƙar ya ɓace mana gaba ɗaya. Muka tsaya a gaban jama'a cikin rigunanmu iri ɗaya, muna motsa leɓe.